Waƙa ta Huɗu

Marafan kwanuka ne suke fara sanarwa. Kullum wajen ƙarfe uku, lokacin da rana ta kori kowa daga titi, sai marafan da ke jere cikin kabet ɗin Haulatu su kama karkarwa, kas-kas-kas, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Ruwan da ke cikin moɗa ya riƙa zana zobe a cikin zobe. Daga bayan bango kuma wani ƙugi yake tasowa, ba na ganga ba, ba na kalangu ba. Wani abu ne mai kauri da yake shigowa ta tafin ƙafa kafin ya iso kunne.

Sati uku tana haɗiyewa. Gidan haya ne, ɗaki ɗaya da 'yar tsakar gida, a bayan layin masu kayan babur a Daura, kuma bangon ɗakinta shi ne bangon ƙuryar shagon Okechukwu, wani Ibo mai sayar da fulogi da sarƙa da tayoyi. Ran wata Talata marfin babbar langarta ta aure ya zame ya faɗo, gefensa ya ɓantare. Ta ce yau kam an kai ƙarshe. Ta jawo hijabi. Ba ta taɓa tsayawa a ƙofar shagon ba, amma yau za ta tsaya.

Sai ta waiga ta nemi 'yarta Fadila, don ba ta barin ta ita kaɗai ko na minti ɗaya.

Ba ta tsakar gida. Ba ta bayan randa, inda take wuni tana jera duwatsu. Tana cikin ɗaki, a ɗan lungun da ke tsakanin gado da kabet, ta manna kumatu da tafukan hannu biyu a jikin bango. Idanunta a rufe. Yatsun ƙafarta suna lanƙwashewa suna miƙewa, kuma ba haka kawai suke yi ba. Tare suke tafiya da ƙugin nan.

Haulatu ta tsaya da hijabi a wuya, ba ta sa ba, ba ta cire ba.

Fadila shekararta biyar. Tana da biyu da rabi sanƙarau ya kama ta, ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ranar sallama likita ya zaga bayanta ya tafa hannu sau uku, ba ta waiwaya ba. Kafin ciwon tana da kalmomi sun kai ashirin a bakinta. Suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya: “kaza” ta tafi, “ruwa” ta bi ta, sannan “Abba”. “Umma” ce ta fi daɗewa, ta kai wata huɗu tana ƙanƙancewa, sai wata safiya ita ma babu.

Kabiru, mahaifinta, da can yana jigilar kaya a babur tsakanin Mai'adua da ƙauyukan tsallake. Da aka rufe boda ya bi abokansa haƙar zinariya can bayan Agadas. Shekara ɗaya da rabi ke nan. In ya sami sabis yakan turo saƙon murya, kuma kullum da abu ɗaya yake rufewa: “Ki sa wa Fadila ta ji muryata.” Haulatu ta daina yi masa bayani. Takan kara wa yarinyar wayar a kunne, ta nuna mata ta yi murmushi, ta ari wayar matar mai gidan hayar ta ɗauki hoto, ta tura masa. Shi ke nan kowa ya samu abin da zai kwana da shi.

Gidan kuwa shiru ya cinye shi. Mutum ba ya magana da wanda ba ya ji, sai da ido da hannu. Akwai ranakun da, in aka cire karatun salla, Haulatu ba ta buɗe baki ba har rana ta faɗi.

Ta ƙarasa sa hijabin, ta kama hannun Fadila, suka zaga ta titi.

“Hajiya, sannu da zuwa,” in ji Okechukwu daga bayan kanta. “Me ya lalace?”

“Mai kiɗan nan nake nema.”

Ya kwashe da dariya, ya juya ya ɗaga murya. “Nkiru! Fito, an zo kama ki!”

Ba ta fito ba, sai ta ce a shigo. A ƙurya, tsakanin kwalaye, matarsa ce, mace mai jiki, ta doshi arba'in da biyar, zaune a kan tayoyi biyu da aka ɗora, tabarau a ƙarshen hanci. A cinyarta akwai jita mai dogon wuya da wayoyi huɗu masu kauri. Wata igiya ta fita daga jikin jitar zuwa wani baƙin akwati da ya kai gwiwa, wanda aka tokare shi da bango.

“Na san za a zo,” Nkiru ta ce, da Hausarta ta 'yan Kano. “Sau nawa na ce wa mutumin nan ya matsar da akwatin nan daga bango, ya ce babu wuri. Ki yi haƙuri, maƙwabciya. Zan rage.”

“Kada ki rage.”

Nkiru ta dube ta ta saman tabarau.

Fadila ta zame hannunta daga na Haulatu. Ba ta kalli jitar ba, ba ta kalli matar ba. Kai tsaye ta nufi akwatin, ta ɗora tafin hannu a gabansa, ta jira.

“Ba ta ji?” Nkiru ta tambaya a hankali.

“Sanƙarau.”

“Chei. Allah sarki.”

Ta sa babban yatsa ta ja waya mafi kauri, sau ɗaya. Fadila ta yi tsalle baya. Ta juya tafin hannunta ta duba, ko wani abu ya maƙale. Ta koma. Nkiru ta sake ja, sannan ta ja ta kusa da ita, sannan ta dawo. Sai ga wata dariya ta fito daga bakin yarinyar, mai karce, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Haulatu ta nemi wurin zama. Kwali ta samu, ta zauna a kai.

“Mene ne sunan abin nan?” ta tambaya.

“Bes. Ita ba ta waƙa. Kowace waƙa tana da sama tana da ƙasa. Mai murya yana sama yana karɓar tafi, ni ina ƙasa ina riƙe masa tsani.”

“Na coci ne?” Haulatu ta faɗa tana kallon yatsunta, don ba ta son ta ɓata wa matar rai, kuma ba ta son ta tafi ba ta sani ba.

Nkiru ta yi murmushi. “Ran Lahadi na coci ne. Wannan na rana tsaka na babana ne.” Ta miƙa hannu bayan wani kwali ta jawo tsohon littafin makaranta da bangonsa ya yi laushi. “Shekara talatin yana kaɗa wa mawaƙa a Sabon Gari da Aba. Ya ce duk mai son a kira shi mai bes, sai ya iya waƙoƙin nan sha biyu ba tare da ya kalli yatsunsa ba. Akwai na Kwango, akwai na Gana, akwai na Jamaika da Amurka, sauran namu ne na gida. Waƙoƙi ne da duniya ta sani. Amma ki tare mutum ki ce me aka faɗa a ciki, ba zai iya ba. Ƙasan zai yi miki da baki. Tun da ya rasu nake bin su a jere, kullum. 'Yata Chidiogo tana jami'a a Enugu, mutumin nan kuma in ba fulogi ba, ba ya hira.”

“Ina jin ki!” Okechukwu ya ce daga waje.

“Dama don ka ji na faɗa!”

Haulatu ba ta mayar da zuwa shagon al'ada ba. Babura suna shiga suna fita a layin, Fadila kuwa ba ta jin hon. Sannan mace da mijinta ba ya gari ba ta son a riƙa ganin ta kullum a tsakiyar kanikawa. Abin da ta yi shi ne, ta kwashe kwanukan, ta ja kabet ɗin zuwa ɗaya bangon, ta shimfiɗa tabarma a inda yake. Ta kuma aika wa Nkiru cewa don Allah kada a matsar da akwatin ko taku ɗaya.

Cikin wata biyu ta san sha biyun nan kamar yadda ta san tukwanenta. Ba ta iya sunayensu ba, sai ta raɗa musu nata. Ta ɗaya mai tafiyar raƙumi ce. Ta bakwai lugude ce, mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Ta tara mai fushi ce, ba ta son ta, Fadila ma takan janye kumatu in ta zo. Ta huɗu kuwa mai hawa tsani ce: taku uku sama, sai ta tsaya cak kamar ta tuna ta bar wani abu a ƙasa, sannan ta gangaro gaba ɗaya har can ƙasan ƙasa.

Ita ce ta Fadila. In aka zo wurin tsayawar nan sai ta riƙe numfashi, kafaɗunta su ɗaga. In aka gangaro sai ta sake shi da wani “mmm” mai tsawo daga ƙirji. Ranar farko da Haulatu ta ji, tana tsince shinkafa. Ta ci gaba da tsincewa don kada yarinyar ta ga fuskarta, amma tsakuwa da shinkafa duk ɗaya suka zame mata.

Fadila ce ta ƙirƙiro bugun bango. Ta iya ƙirge da duwatsunta, kuma ta lura cewa waƙoƙin a jere suke zuwa. Wata rana ana tsakiyar ta biyu, ta ɗauki cokalin ƙarfe ta ƙwanƙwasa bango sau huɗu. Kiɗan ya tsaya. Can sai ga tsani ya fara hawa. Daga ranar jerin baban Nkiru ya rushe, yarinya ta zama mai ba da oda.

“Maman Fadila!” muryar Nkiru takan ratso bango, a dishe. “Goma ta buga ko sha ɗaya? Na ɓace a hanya!”

“Sha ɗaya, Maman Chidi!”

“Ki ce mata ni ba rediyo ba ce!”

“Ki zo ki faɗa mata da kanki!”

A haka, da ihu ta cikin bulo, Haulatu ta yi hirar da ba ta yi ba a shekara guda. Ta san ranar da ƙafar Nkiru take ciwo. Nkiru ta san ranar da saƙo ya zo daga Agadas, da ranakun da bai zo ba.

Wata biyar aka yi.

Ran wata Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida, sai ga Nkiru da kanta, da galan ɗin manja a hannu. Ba ta taɓa shigowa ba. Ta zauna a kan tabarmar Fadila, ta dubi bangon daga wannan gefen, ta shafa wurin da kumatun yarinyar ya sa fenti ya yi duhu.

“Za mu koma gida,” ta ce. “Nnewi. Tun da aka rufe boda masu zuwa daga tsallake suka ɗauke ƙafa, ko da aka buɗe ba su dawo kamar da ba. Yayan Okechukwu ya ce ya zo su haɗa shago. Ƙarshen wata.”

Haulatu ta karɓi manjan, ta yi godiya, ta kai shi madafa, ta gyara masa zama sau biyu. Da ta dawo, biro ne da takarda a hannunta.

“Rubuta min sunayensu. Duka sha biyun, da lamba.”

“Da zan bar mata akwatin,” Nkiru ta ce tana rubutu, “amma akwati ba jita, shi ma kurma…” Ta dafe baki. “Wayyo. Ki yafe min.”

“Ba komai. Ai gaskiya ce.” Haulatu ta ɗaga wayarta. “Akwai wannan. Yanzu komai yana cikin waya.”

Nkiru ta kalli wayar, 'yar siririya mai tsagaggen gilashi. Ta kalli Fadila da take jera mata duwatsu a kan ƙafa. Ta ci gaba da rubutu.

Ran Litinin Haulatu ta kai takardar wurin Maliki, mai tura waƙoƙi da fina-finai a bakin tasha. Yana zaune ƙarƙashin lema da kwamfuta a gabansa, ga wata ƙatuwar sifika a gefe da ta kai ƙugun mutum. Ya karanta takardar, ya ɗago, ya sake karantawa.

“Hajiya, wa ya rubuta wannan? Kakana?”

“Ba ka da su?”

“Ni? Babu abin da ba ni da shi. Amma ki bari in ƙara miki sababbi na biki, masu zafi, waɗanda ko jiya…”

“Sha biyu. A jere. Ka sa lamba a gaban kowace, kada ka haɗa da komai.”

“To, ranki ya daɗe. Soja ma haka yake magana.”

Ya ɗauki lokaci yana nema. Da ya gama ta ce ya sa ta huɗu ta ji. Ya haɗa da sifikarsa. Sai ga ƙaho, ga ganguna, ga wani namiji yana rera wani abu da harshen da ba ta sani ba. Ta ɗauka ya yi kuskure. Ta rufe ido ta saurara ƙasa da muryar, ƙasa da ƙahon. Ga shi can. Taku uku, tsayawa, gangarowa. Ta ɗora hannu a jikin sifikar, ta ji abin yana tafiya har gwiwar hannunta.

“Ita ce,” ta ce.

Ta dawo gida ta cire memorin daga waya, ta naɗe shi a ƙyalle, ta sa a ƙasan langar nan mai ɓantararren marfi. 'Yar manoma ce daga garin Babban Mutum, a gidan da ta tashi ba a buɗe hatsin ajiya sai na hannu ya ƙare. Muddin bango yana magana, babu dalilin taɓa na cikin langa. Har ta riƙa jin wani sanyi a ranta in ta wuce kusa da kabet ɗin: ta yi tanadi, ba za a same ta a zaune ba.

Ranar jajibirin tafiya Fadila ta buga huɗu sau shida a jere, Nkiru ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Washegari da safe wata babbar mota ta tsaya a layin. Haulatu ta leƙa ta ga ana ɗora baƙin akwatin tsakanin katifa da buhun tayoyi. Nkiru ta rungume ta a bakin ƙofa, tana warin man zafi da sabulu, ta durƙusa ta ɗora hannun Fadila a kumatunta, ta tafi.

Ƙarfe uku Fadila ta ɗauki cokalinta ta zauna a tabarma. Ta manna kumatu. Ta buga huɗu.

Ta jira. Ta sake bugawa.

Haulatu ta riga ta shirya. Ta zo da wayar, ta durƙusa, ta nuna yatsu huɗu, ta nuna wayar, ta danna. Ta ƙure ƙarar, ta kama tafin hannun yarinyar ta ɗora a kai.

Ƙahon ya fito, siriri, kamar sauro a cikin gwangwani. Namijin ya fito da muryarsa. Haulatu ta saurara ƙasa da muryar, ta saurara ƙasa da ƙahon. Babu kowa a wurin. Waƙar tana tsaye a iska, an janye mata tsani.

Fadila ta dubi wayar, ta dubi uwarta. Sai fuskarta ta nuna ta gane. Ta ɗauki wayar da hannu biyu, ta kara a kunne, ta karkata kai, ta yi murmushin nan na hoto. Ta riƙe shi tana jira a ɗauka.

Haulatu ta karɓe wayar a hankali ta kashe.

Ba ta sallama ba. Ta gwada sa wayar a cikin langa, ta gwada cikin turmi, ta tokare ta da bango. Ta samo ƙaramar sifika irin mai kama da gwangwanin madara. Wannan ta ɗan yi wa tafin hannun Fadila cakulkuli, yarinyar ta ture ta ta koma bango. A kwana na huɗu ta koma wurin Maliki.

“Ba ka tura duka ba. Ƙasan babu.”

“Wallahi yana ciki, Hajiya.” Ya haɗa da tasa sifikar, ga shi kuwa ya fito, har lemar tana rawa. “Kin ji? Laifin wayar ne. Waya ba ta da ƙirji. Abin da kike nema sai irin wannan, ko ta masu kiɗan biki, da janareta a bayanta.”

Ta tsaya tana kallon sifikar. Ta auna ta da ƙofar ɗakinta. Ta auna ta da wutar da ake kawowa sau biyu a sati, da mai gidan haya, da abin da unguwa za ta ce in aka ji kiɗan Kwango yana tashi daga ɗakin matar da mijinta yake Agadas. Ta karɓi memorinta ta yi masa sai an jima.

Wani ɗan kasuwa ya kama shagon ya cika ƙuryar da buhunan siminti. Bangon ya daina ko amsa cokali. In an buga sai ya ce dib, ya haɗiye. Duk da haka kullum ƙarfe uku Fadila tana wurin. Ta gwada ɗaya, ko an manta huɗu ne. Ta gwada bakwai. Har tara ta gwada, wadda ba ta so.

A kwana na goma, ranar Juma'a, ta jefar da cokalin ta fara bugu da hannu. Haulatu tana hura wuta a tsakar gida ta ji sautin ya canja. Kafin ta shigo, gaɓoɓin yatsun yarinyar sun fashe, ga jini a fenti. Ta riƙe ta, Fadila ta fizge, ta faɗi ƙasa tana shure-shure, tana wani irin kuka da ba ta san ƙarfinsa ba tun da ba ta jin sa. Haulatu ta nuna mata ruwa, ta nuna mata duwatsunta, ta nuna mata alewa. Idon yarinyar a rufe yake gam, kuma in idon Fadila ya rufe, babu wata ƙofa da ta rage.

Haulatu ba ta yi tunani ba. Ta jawo zane daga kan igiya, ta sunkuya, ta cicciɓi yarinyar ta jefa a baya, ta ɗaure a ƙirji, ta ƙara majanyi a ƙugu. Rabon da ta goya ta tun ranar da suka fito daga asibiti. Ta yi nauyi yanzu, ƙafafunta har gwiwa, suna dukan cinya.

Ta fita tsakar gida. Daga randa zuwa ƙofa taku shida ne. Ta je, ta dawo. Ta je, ta dawo, tana jijjiga, rana tana dukan ta, hayaƙin icen da bai kama ba yana shiga mata ido. Wannan ƙafa ta ɗaga, wannan ta sauke. Wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Ba ta san lokacin da maƙogwaronta ya bi ƙafafun ba. Bakinta a rufe, ta bakwai ce take fita ta hanci da ƙirji, luguden nan, a hankali, don kanta, kamar yadda mai ciwon haƙori yake nishi.

Ta kai randa sau uku kafin ta lura cewa ƙafafun sun daina dukan ta.

Ta ji kan yarinyar ya motsa. Kumatu mai laima ya zame daga kafaɗa, ya laluba, ya sami wuri a tsakiyar bayanta ya manne. Hannuwa biyu suka zaro kansu daga cikin zane, suka buɗe, suka kwanta a kan haƙarƙarinta, ɗaya dama ɗaya hagu.

Haulatu ta tsaya cak. Muryar ta ɗauke.

Daga masallacin unguwa wani yana gwada lasifika don La'asar. A kan tabarma wayarta ta yi haske, saƙo ya shigo, ta ga sunan Kabiru daga inda take. Ba ta motsa ba. Numfashi ma a ɓoye take yin sa.

Sai ta ji ƙwanƙwasa a allon kafaɗarta, da gaɓar yatsa mai rauni. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Ta huɗu tana gangarawa inda muryar mace ba ta kaiwa, Haulatu ta san da haka. Ba ta taɓa rera komai a gaban kowa ba, ko a bikinta. Ta yi gyaran murya. Ta gyara ɗaurin zanen, ta buɗe ƙafafu ta tsaya da kyau, ta sauke haɓa har ta taɓa ƙirji, tana neman wuri mafi zurfi da take da shi. Ta fara hawa. Taku ɗaya, taku biyu, taku uku. Ta tsaya.

A bayanta, ɗan ƙaramin ƙirji ya cika da iska, ya riƙe.